Tarkacen da ke zubowa daga kafofin iska na silin a motar tafi-da-gidanka: tambayoyi da amsoshi

Masu motocin tafi-da-gidanka, irin waɗanda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, da wuya ka samu wanda bai taɓa kunna iyakwandishan ya ga abu na zubo masa daga silin ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa. Bayanin ya fi shafar motoci ƙirar Amurka masu iyakwandishan a kan rufi, irin iyakwandishan ɗin Dometic da Coleman-Mach, waɗanda ke raba sanyi ta ƙananan kafofi zagayayyu a silin, amma mai ƙirar Turai ma zai tsinci abin amfani.

Motata sabuwa ce fil, amma da na kunna iyakwandishan sai fararen ƙwayoyi da garin katako su zubo a kan gado. Daga ina suke?

Ragowar aikin masana'anta ne. Rufin irin wannan mota hawa-hawa yake: shimfiɗar roba ko fiba a can sama, sai siririn falanki, sai farin soso mai ƙwaya-ƙwaya irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a kwali, sannan allon silin da kake gani daga ciki. A cikin wannan soson hanyoyin iska suke bi, galibi guda biyu, daga gaban mota zuwa bayanta. A wasu motocin fafe soson ake yi kai tsaye, a wasu kuma a shimfiɗa bututu mai rufin alminiyam. Bayan an haɗa rufin sai a zo da injin yanka a huda ramukan kafofin iska da na fitilu da na wayoyi, duk abin da ya ɓarɓashe kuma cikin hanyar yake faɗawa. Ba kowane ma'aikaci ke tsayawa ya zuƙe shi ba.

Yawancin motocin nan na Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su, aikin kuma na sauri ne. A 2021 kaɗai masana'antu sun fitar da sama da 600,000, idan aka haɗa da waɗanda ake ja a bayan mota. Saboda haka kada ka yi mamaki in ka tsinci guntun waya ko karyayyen sukuru a cikin tarkacen.

Me ya sa ya fi zubowa bayan an yi doguwar tafiya?

Girgiza ce. Kowane rami da kowane kwana yana kakkaɓo abin da ya maƙale a lungu ya turo shi bakin kafa, kana kunna fanka iska ta ƙarasa aikin. Da an isa masauki, a shimfiɗa tsohon zani a kan gado da teburin abinci, a kunna fanka da ƙarfi na ɗan lokaci kafin a fito da kwanuka.

Yaya zan gane ainihin abin da ke zubowa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa, su ɗauko tsintsiya kafin su duba. Shimfiɗa farar takarda ko farin ƙyalle a ƙarƙashin kowace kafa, ka bar fanka a kan mafi ƙarfi na minti 10, sannan ka haska tocila ka duba da kyau. Farar ƙwaya marar nauyi, mai manne wa yatsa, soson rufi ne. Busasshen gari mai launin katako na masana'anta ne. Baƙin ɓarɓashi da ke murmushewa ya zama gari mai ɗan danƙo in ka murza shi, tsohon soso ne da ya mutu, na filta ko na gaskit, wato soson da injin iyakwandishan ke zaune a kansa a rufi. Baƙin da ke shafuwa a takarda kamar tawada, ga warin ɗaki mai laima, funfuna ce. Farin gari ko toka-toka mai ɗan tauri yakan fito daga alminiyam ɗin da ya fara cinyewa a kwayil ɗin sanyi, wato bututun da ke sanyaya iska a cikin injin. Siraran zaruruwa masu ƙyalli, rawaya ko ruwan hoda, audugar gilas ce, wadda ake cusawa a rufi don tare zafi da sanyi.

Uku ne ke bukatar a ajiye komai a bi su: baƙar ƙwaya mai tsini a bakuna biyu, tsawon milimita 3 zuwa 6, wato kashin ɓera, wanda ba a taɓa shi da hannu, guntayen katako masu duhu da laima, da kuma funfunar da aka ambata. Kowanne yana da amsarsa a ƙasa.

Sai kuma yawa. Ɗauki hoton takardar, ka sake gwajin bayan tafiya biyu ko uku. Ragowar masana'anta raguwa take yi har ta ƙare. Abin da ya ƙi raguwa, ko yake ƙaruwa, yana da uwa a sama: ko dai wani abu na ruɓewa, ko wani abu na ci.

Akwai haɗari ga lafiya?

Ƙwayar soso da garin katako sun fi zama abin haushi, sai dai a kula da jariri mai rarrafe da ke kai komai baki. Audugar gilas tana sa ƙaiƙayin fata da ido da maƙogwaro. Funfuna na tayar wa mai asma ciwonsa, a ɗaki ƙarami irin na mota kuwa ba inda zai gudu. Kashin ɓera shi ne babban, duba amsar da ke kan ɓeraye.

Yaya ake share hanyoyin iskar?

Fara da wuta. Cire kebul ɗin da ya haɗa motar da wutar waje, kashe janareta da inbata. Rufe gado da kujeru, sa takunkumi da tabarau, don abin a fuskarka zai zubo. Kwance murafun kafofin duka. Wasu da sukuru biyu ko uku suke, wasu murɗawa ake yi a ja. Tura wayarka cikin ramin da fitilarta a kunne ka ɗauki hoto gaba da baya. Akwai kuma ƙananan kyamarori masu doguwar waya da ake jona wa wayar hannu, ba su da tsada, kuma sun fi nuna lungu.

Sannan ka ɗaura siririn tiyo mai laushi a bakin injin zuƙe ƙura, ka naɗe bakin tiyon da ƙyalle don kada ya karce soson, ka tura shi daga kowace kafa ta ɓangarori biyu. Ka fi ba ƙarshen hanya muhimmanci, wato ɗan wurin da ya wuce kafa ta ƙarshe a gaba da baya, don nan tarkace ke taruwa. Inda tiyo bai kai ba, zura igiya daga wata kafa zuwa ta gaba, ɗaura tsumma mai ɗan laima a tsakiya, ka ja a hankali, ɗaya ya riƙe can ɗaya ya riƙe nan.

Daga ƙarshe mayar da wuta da murafu, rufe kafofin duka ban da guda, kunna fanka kaɗai ba tare da sanyi ba, ka tare bakin buɗaɗɗiyar da injin zuƙa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin yini guda ne in ba a gaggauta ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Zan iya hura iska mai ƙarfi ko in zura buroshi?

Injin hura ganye a kan mafi ƙaranci ba laifi, matuƙar wani na tare da injin zuƙa a ɗaya bakin. Iskar kwamfaresa mai matsi sosai kuwa tana iya ɗaga salatif ɗin da ke haɗa gaɓoɓin hanyar a can inda hannu ba ya kaiwa, ka gyara ƙaramar matsala ka haifi babba. Buroshin da ake juyawa da injin huji an yi shi ne don bututun ƙarfe. A cikin soso sabon tarkace zai yi maka. Kada fetur ko tina ko fentin feshi su kusanci wurin, narkar da farin soso suke yi nan take.

Na share tas, amma bayan mako biyu abin ya dawo. Me na bari?

Mai yiwuwa bakin ramukan. In ka cire murfin kafa ka shafa gefen ramin da yatsa, sau da yawa za ka ji soso tsirara, yana zubowa da ɗan taɓawa, wani lokaci har da giɓi tsakanin hanyar iska da allon silin. Iska na goga wurin kullum. Goge ƙurar, ka yanka salatif ɗin alminiyam gajeru-gajeru, ka bi da'irar kana ɗora kowane yanki a kan gefen na baya, kana dannawa da bayan cokali har ya kwanta.

Wuri na biyu shi ne ƙarƙashin iyakwandishan ɗin kansa. Kwance babban murfin da ke silin ka ɗaga kai. Za ka ga rami mai kusurwa huɗu, inci 14 kowane gefe, kusan santimita 36, da wani shamaki a tsakiya da ya raba iskar da injin ke zuƙa daga ɗaki da wadda yake turowa. In shamakin ya karkace, ko salatif ɗinsa ya ɗaye, ko an bar gefen ramin da hudojin wayoyi a buɗe, injin zai riƙa jan iska daga cikin rufin kansa, iskar da ba ta bi ta filta ba, ya watso maka duk abin da ya kwaso. Ga kuma sanyin da ke komawa ciki bai zagaya ɗaki ba. Mutane da dama da suka like wannan wuri don tarkace kawai sun tarar motar ta fi sanyi. Hanyar aunawa: bayan minti 15 ana aiki, iskar da ke fitowa ta kamata ta fi mai shiga sanyi da digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Salshiyos.

Wane irin salatif ya dace?

Na alminiyam zalla, wanda ake ɓare wa takarda a baya. A Amurka nemi mai tambarin UL 181. Salatif ɗin nan mai launin toka mai zare a ciki, da ake liƙe komai da shi, bai dace ba: wani gwaji da ɗakin binciken Lawrence Berkeley na Kalifoniya ya fitar a 1998 ya nuna yana saki a jikin bututun iska da zarar zafi ya busar da gam ɗinsa. Kumfar feshi mai kumbura ma a bar ta, tana iya toshe hanya ko ta turo allon silin.

Baƙin ɓarɓashi ne ke fito min. Funfuna ce?

Ba lallai ba. Ciro filta ka ja ta kaɗan tsakanin yatsu. In ta yage ko ta bar baƙin gari a hannunka, kwananta ya ƙare, sai sabuwa. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. In filtar lafiya take, duba baƙin soson da ke liƙe a jikin shamaki da cikin akwatin injin. Shi ma zafi na kashe shi da shekaru.

Funfuna tana zuwa da wari, kuma za ka ga ɗigo-ɗigonta a jikin murafu da fukafukan fanka. Wanke murafu da ruwan sabulu, a tsabtace kwayil da maganin wanke kwayil da ake sayarwa don haka, kada a zuba masa bilic don yana cin alminiyam. Amma funfuna ba ta zama sai da laima, don haka karanta amsar da ke kan ruwa. Ɗabi'a ɗaya mai sauƙi: kafin a rufe mota a ajiye, a bar fanka kaɗai ta yi aiki kamar rabin awa ta busar da ciki. Filta kuma a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu aƙalla duk mako biyu na aiki, ta bushe sarai kafin a mayar.

Kashin ɓera na gani. Me zan yi?

Kashe fanka, kada ka sake kunnawa. Duk abin da aka faɗa a sama na zuƙa da hurawa bai shafi wannan ba, domin tayar da ƙurar kashi da fitsarin ɓera shi ne hanyar da ƙwayar hantabairas, mai kama huhu, ke shiga jiki. A 2012 mutum 10 da suka ziyarci gandun dajin Yosemite a Kalifoniya sun kamu, 3 suka rasu, kusan dukansu kuma a wasu bukkokin tanti masu bango biyu suka kwana, inda ɓeraye suka yi sheƙa a cikin abin tare sanyi da ke tsakanin bangayen. Rufin motarka ma haka yake, hawa biyu da soso a tsakani.

Ƙa'idar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ita ce: buɗe ƙofofi da tagogi na minti 30 kana waje, sa safar hannu ta roba, fesa bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9 har kashin ya jiƙe, jira minti 5, ɗauke da takarda, ƙulle a leda. In ka ga sheƙa a can ciki, yagaggen ƙyalle da soso da ya sha fitsari, aikin ya fi ƙarfin tsumma, a nemi masu sana'ar. Wanda ya ji zazzaɓi da ciwon jiki tsakanin mako 1 zuwa 8 bayan irin wannan aiki, ya je asibiti ya kuma faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Tarko ya fi guba, don ɓeran da ya ci guba cikin silin zai koma ya mutu, ka kwana da warinsa. Daga ƙasa suke shigowa, ta hudojin famfo da wayoyi da ƙofar kebul, su hau ta cikin bango. Rami mai faɗin milimita 6 ya ishe su. Shiga ƙarƙashin motar da tocila ka cusa soson ƙarfe a kowace huda, ka bi da abin liƙi.

Busasshen laka da matattun ƙwari fa?

Laka aikin zanzaro ne. Yana son cikin akwatin injin a kan rufi, har a jikin fukafukan fanka yake gini, shi ya sa wani lokaci za ka ji injin na karkarwa da ƙara bayan dogon ajiya. A Amurka kuma idan kaka ta shiga, ƙwarin nan masu wari da ƙananan jajaye masu ɗigo-ɗigo sukan cika rufi suna neman maɓoya, su fito in wuri ya yi ɗumi. Waɗannan share su kawai ake yi. Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne tarin garin soso da na katako gauraye da ƙafafun ƙwari, yana sabunta kullum a wuri guda. Manyan baƙaƙen tururuwa masu fafe katako ne, kuma jiƙaƙƙen katako suke bi. Kada ka fesa maganin ƙwari cikin hanyar iska, kai za ka shaƙe shi.

Ruwa ko gutsattsarin ƙanƙara ke faɗowa, wani lokaci da guntayen katako.

Lura da lokacin da yake zuwa. In sai iyakwandishan na aiki, raɓar kwayil ce da ya kamata ta zube a kan rufi ta ƙananan hudoji. Ko hudojin sun toshe, ko motar ba ta tsaya daidai ba. Ƙanƙara kuwa alamar iska ba ta wadatar ba ce: filta ta cushe, an rufe kafofi da yawa, an bar fanka a ƙasa-ƙasa cikin dare mai laima, ko shamakin da aka yi bayani a sama ya buɗe. Kashe sanyi, bar fanka ta narkar da ita, sannan ka nemi dalilin.

In kuwa da ruwan sama yake zuwa alhali injin na kashe, rufi ne ke yoyo. Injin yana zaune ne a kan gaskit na soso, dogayen noti huɗu na riƙe da shi daga ciki. Da shekaru soson kan kwanta, notin su saki. Ana ɗaure su daidai wa daida har gaskit ɗin ya matsu zuwa kusan rabin inci. Wuce haka lalata shi yake yi. Guntayen katako masu duhu, tabo ruwan ƙasa, ko silin da ke lotsawa in ka danna, suna nufin ruwan ya daɗe yana shiga. Wannan yana cikin gyare-gyare mafi tsada a irin motocin nan, kuma kowane ruwan sama ƙara shi yake. A hau a duba abin liƙin da ke kewaye da duk abin da ya huda rufi aƙalla sau biyu a shekara.

Tawa ba daga iyakwandishan ba ne, daga tagar rufi mai fanka ta banɗaki ne.

Wannan mai sauƙi ne. Ganye da 'ya'yan itace da ƙwari ke taruwa a kan ragar. Cire fiyus ɗinta, kwance ragar, wanke, goge fukafukan. In farin ɓarɓashin roba kake gani, murfin sama ne rana ta gasa, a canja shi kafin iskar hanya ta ɗauke shi.

In ɗaura raga a bakin kafofin in huta mana?

Na ɗan lokaci, e. Yankin gidan sauro a bayan murfi yana tare ƙwayoyin soso, yana kuma nuna maka kafar da ta fi kawo tarkace. Amma in ya cika zai rage iska, daga nan sai ƙanƙara. Haka ma sa filta mai kauri irin ta gida a wurin ta asali, ƙaramar fankar ba ta da ƙarfin ja ta cikinta.

Na sayo tsohuwa daga waje, ta sauka a Kwatano, yanzu tana arewa. Akwai abin da ya bambanta?

Ka ɗauka ta yi watanni a ajiye a fili da tashar jirgin ruwa, don haka a buɗe kafofin a duba da tocila tun kafin a fara kunna fanka. In akwai kashin ɓera, a bi ƙa'idar da ke sama, a nan gida ma har da ƙari, tunda ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tashi da rani. Sai ƙurar hunturu: filtar asali an yi ta ne don gashi da zare, garin hazo wucewa yake ta cikinta ya kwanta a kwayil da hanyoyi. A wannan lokaci wankin mako biyu ya yi nisa, a duba ta duk bayan 'yan kwanaki, in kuma mota za ta zauna a rufe injin na sama da tamfol. Zafin rana a nan yana saurin kashe soso da roba, don haka baƙin ɓarɓashi zai zo da wuri.

Yaushe zan kai wa dila ko mai gyara?

In motar na cikin garanti, wanda galibi shekara 1 ne a jikin ɗakin, iyakwandishan kuma da nasa daban daga kamfanin da ya ƙera shi, ka kai ƙorafi a rubuce tun da wuri, da hotuna masu kwanan wata da ɗan tarkacen a leda. Garin katako kaɗai wataƙila a ce maka haka suke. Hanyar iska da ta ɓalle, shamaki da ba a liƙe ba, ko yoyo, waɗannan aikinsu ne, kuma kada ka yanka silin da kanka kafin su gani.

Duk abin da ya kai ga buɗe akwatin wutar injin na mai gyara ne, domin kafasita, wani ɗan kayan lantarki da ke ciki, na riƙe wuta ko bayan an cire kebul. Canja gaskit ma sai an ɗaga injin mai nauyin kilo 30 zuwa 45 a kan rufi mai santsi, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai shirin saye kuwa, sabuwa ko tsohuwa, ya tafi da farin ƙyalle da tocila, ya roƙi a kwance masa murfi ɗaya ya leƙa ciki tukuna, sannan ya sa a buɗe kafofin duka a kunna fanka da ƙarfi a gabansa kafin ya sa hannu a takarda.